Kada Mu Ɗora Tsofaffin Rediyoyinmu A Kan Sikeli

A wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wani kaya wanda kusan kowane tsohon gida yana da shi, amma ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka tashi share ɗaki. Kayan nan kuwa shi ne tsohon akwatin rediyo mai aiki da transista, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur ko bisa kabad, uwargida ta ɗinka masa riga saboda ƙura. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, a garuruwanmu yanzu irin waɗannan akwatuna suna ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke farfasa su don su ciri ɗan jan ƙarfen da ke ciki da maganaɗisun lasifika, su ɗora a kan sikeli, sauran kuma a watsar a juji.

Alhali kuwa a wasu ƙasashe akwai mutane masu ilmi da natsuwa waɗanda suka mai da tara tsofaffin rediyoyi da gyara su abin yi na tsawon rai. A Amurka akwai ƙungiyar Antique Wireless Association wadda aka kafa a 1952, tana da gidan ajiye kayan tarihi nata a jihar New York. A Ingila kuma akwai British Vintage Wireless Society wadda aka kafa a 1976. Mutanen nan suna taruwa, suna musayar kayan gyara, suna buga mujallu a kan abin da mu muke zubarwa. Ra'ayin wannan fili shi ne, mu ma muna da dalilin adana namu, har ma dalilinmu ya fi nasu ƙarfi, domin ba kowace al'umma ce rediyo ta yi wa hidimar da ta yi wa masu jin Hausa ba.

ABIN DA TRANSISTA TA SAUYA

Kafin transista, rediyo da bawul take aiki, watau wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda sai sun yi zafi sa'an nan murya ta fito. Irin wannan akwati yana da nauyi, yana da cin wuta, in kuwa na batir ne to iri biyu yake bukata: ƙarami na ɗumama kwalaben, da wani babba mai tsada wanda ƙarfinsa kan kai bolt 90. A ƙasar da yawancin gidaje ba su da lantarki, wannan kaya ne na sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata. Talaka a birni sai dai akwatin waya, wanda ake jawo masa igiya daga ofishin rarraba shirye-shirye, ya riƙa biyan kuɗin wata, kuma ba shi da zaɓin tasha. An fara irin wannan a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944.

A watan Disamba na 1947 ne wasu masana uku a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, suka fito da transista, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 1956. Ita transista ɗan ƙaramin abu ce da bai wuce ƙwayar wake ba, tana yin aikin da bawul ke yi na ƙara wa sigina ƙarfi, amma ba ta jiran zafi, kuma wuta kaɗan ta ishe ta. A ƙarshen 1954 aka fitar da rediyon transista ta farko a kasuwa, Regency TR-1, mai transista huɗu, a kan dala 49 da santi 95. A 1955 wani ƙaramin kamfani na Japan mai suna Tokyo Tsushin Kogyo ya fitar da tasa, TR-55, kuma kamfanin nan ne ya sake suna ya koma Sony a 1958.

Na farko-farkon ƙanana ne na aljihu, muryarsu siririya. Amma ba a jima ba kamfanoni suka gane cewa magidanci yana son akwati mai cika ido da cika kunne, wanda iyali za su kewaye. Sai aka shiga ƙera manya, masu faffaɗan lasifika da jikin katako ko roba mai kauri. Zenith na Amurka ya fitar da Trans-Oceanic Royal 1000 a 1957, Roberts na Ingila ya fitar da ta transista ta farko a 1958, Bush ya biyo da TR82 a 1959, masana'antar VEF ta birnin Riga a Tarayyar Sobiyet ta fitar da Spidola a 1962, Grundig na Jamus kuma ya fara jerin Satellit a 1964. Ga kuma Philips na Holan, ga National na Japan, wanda sunansa ya zauna a bakin mutanenmu har ya zama kamar shi ne sunan rediyo. Da batir huɗu ko shida irin na tocila, akwatin nan zai yi makonni yana magana, ko a birni ko a ruga.

MURYA TA SAMI AKWATI

Mai karatu ya lura da wata dacewa. A daidai shekarun da transista ke arha, a nan ne tashoshi masu magana da Hausa suka yi ta buɗewa. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus ta buɗe nata sashen a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Watau murya ta sami akwati, akwati ya sami murya. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya wayi gari yana jin labarin Masar da Kwango da Biyetnam da harshen da uwarsa ta haife shi da shi, yana kuma tafka muhawara a kansu a dandali.

A cikin irin waɗannan akwatuna ne iyayenmu da kakanninmu suka ji sanarwar Manjo Nzeogwu daga Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, suka ji ƙarshen yaƙin basasa a Janairun 1970, suka ji bayanin komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da na canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, suka kuma ji muryar Dimka da safiyar 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed. A cikinsu ne aka saurari Zaɓi Sonka da Jakar Magori da wasan Samanja, da tafsirin watan azumi, da sanarwar ganin wata. Sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, rediyo tana cikin kayan da aka yi rububin saye. Saboda haka akwatin da ke kwance a ƙarƙashin gadon tsohuwa shaida ne na yadda labari ya shiga gidan nan, kuma da wuya a sami wani kaya a gidan da ya halarci abin da shi ya halarta.

YADDA AKE KARANTA FUSKAR REDIYO

Masu tara rediyo ba su sayen kowane tarkace. Abu na farko da suke koya shi ne karanta abin da akwatin ke faɗi game da kansa, kuma wannan ilmi ne da kowa zai iya ɗauka.

A duba gilashin tashoshi. In an ga an rubuta kc ko Mc a gefen lambobi, to galibi akwatin ya girmi wanda aka rubuta wa kHz ko MHz, domin a 1960 ne aka amince da sabon ma'aunin, kamfanoni kuma suka koma gare shi sannu a hankali cikin shekarun da suka biyo. In rediyon ta Amurka ce, aka ga wasu ƙananan alamu biyu a kan lamba 640 da 1240, to an ƙera ta tsakanin 1953 da 1963, lokacin da hukuma ta wajabta sa alamun don jama'a su san inda za su kama sanarwa in an kawo harin nukiliya. In an ga West Germany a bayanta, ta riga haɗewar Jamus ta 1990. Sunan National kansa ya zama tarihi, domin kamfanin ya ajiye shi a 2008 ya tsaya ga Panasonic.

Gilashin yana kuma faɗin ƙasar da aka yi akwatin dominta. Wanda aka ƙera don gidajen Turai yakan zo da dogon zango da sunayen biranensu a jere. Wanda aka ƙera don ƙasashe masu zafi irin namu yakan zo da gajeren zango kashi biyu ko uku ko fiye, har da mita 60 da mita 90, waɗanda aka keɓe wa tashoshin yankunanmu. Wanda aka yi don cikin Japan kuwa FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 yake, alhali namu daga 87.5 zuwa 108 ne, saboda haka mai sayen na gwanjo ya duba da kyau, kada ya kai gida ya tarar tasha ɗaya ko biyu kaɗai yake kamawa. Ga wani ɗan lissafi mai amfani: in aka raba 300,000 da lambar kilohaz, sai a sami mita. Rediyon Kaduna da aka sani a kan kilohaz 6090, in an yi lissafin sai a ga ya faɗa a mita 49, kamar dai yadda masu gabatarwa suka saba faɗi.

Akwai kuma wata dabara ta 'yan kasuwa da ya kamata a sani. A shekarun 1960 an ɗauka cewa yawan transista shi ne kyan rediyo, don haka ake rubuta adadin ɓaro-ɓaro a goshinta. Sai wasu masu ƙerawa suka shiga dasa transistocin da ba su aikin komai, don dai lamba ta hau. Abin ya kai har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kansa a 1968. Rediyo mai transista shida ko bakwai da aka tsara da kyau takan fi mai goma sha biyu ta bogi. Abin da ke ba akwatin tebur daɗin murya shi ne girman lasifikarsa da faɗin cikinsa da kaurin jikinsa, shi ya sa muryar mai karanta labarai ke fitowa a cike, ba kamar ta wayar hannu ba.

Bayan shekaru da asali, masu tarawa suna duba ko kayan jikinta na ainihi ne: abin murɗawa, da hannun ɗauka, da eriya, da murfin batir wanda shi ne ya fi saurin ɓata. Tsohuwar rediyo mai ɗan ƙwarzane wadda ba a taɓa ta ba ta fi daraja a wurinsu bisa wadda aka shafe da sabon fenti. Kada kuma wani ya ɗauka hanyar arziki ce. Yawancin akwatunan nan an ƙera su da yawan gaske, kuɗinsu a kasuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ribarsu tana wani wuri dabam.

CUTUTTUKANTA DA MAGANINSU

Babban makashin tsohuwar rediyo shi ne batirin da aka manta a cikinta. Yakan tsiyaye, ruwansa ya cinye sifirin da wayoyi, wani lokaci har ya kai ga farantin da aka dasa kayan a kai. Duk wanda zai ajiye rediyo fiye da 'yan makonni, ya fara cire batir. Na biyu shi ne wurin ajiya. A Arewa ƙurar hunturu da zafin bazara da gara su ne abokan gaba, a Ikko da Fatakwal kuma danshi da tsatsa. Kyankyaso da ɓera ba su da yanki. Wuri mai inuwa, busasshe, sama da ƙasa, da ƙyalle a rufe, ya wadatar.

In an kunna an ji shiru, ko murya ta yi ƙasa, ko ana jin gurnani, ba lalle ne ta mutu ba. Sau da yawa kafasita ce ta bushe, domin akwai wani ɗan ruwa a cikin irin waɗannan da yakan ƙafe da tsufa, zafi kuma yana gaggauta shi, kuma canza su aiki ne mai sauƙi ga wanda ya iya. Ƙarar da ake ji in ana murɗa murya datti ne kawai. Rediyoyin Ingila na shekarun 1960 masu transista AF117 da 'yan uwanta suna da wata cuta tasu: wasu siraran gashi na kuza sukan tsiro a cikin gwangwanin transistar su haɗe wuta, kuma masu gyara sun san maganin abin.

Amma fa a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Transistocin farko da jameniyam aka yi su, kafin silikon ya karɓe fage, kuma ba su jure zafi, ƙarfen dalma in ya daɗe a ƙafarsu sai su lalace. Da yawa daga cikin rediyoyin wancan zamani an juya musu hannun wuta, ba kamar na yanzu ba, saboda haka wanda ya jona musu caja ko batir ba tare da dubawa ba yana iya ƙone su cikin ƙiftawar ido. Waɗansu ƙananan gwangwanaye masu ƙusa mai launi a ka, an daidaita su ne da na'ura tun daga masana'anta, mai karambanin da ya murɗa su ya ɓata saitin rediyon gaba ɗaya. Baƙin sandan nan mai naɗin waya shi ne eriyar matsakaicin zango, yana karyewa kamar alli, kuma shi ne dalilin da ya sa in an juya akwatin tasha ke ƙara fitowa. Gilashin tashoshi kuma kada a sa masa ruwa ta baya, domin rubutun yakan bi tsumma ya tafi.

Wani abin da ke ruɗin mutane a yau shi ne, sai a kunna lafiyayyar rediyo a ɗaki a ji ba komai sai shuu. Laifin ba nata ba ne. Cajar waya da inbata da fitilun zamani suna fitar da hayaniyar da ke danne matsakaici da gajeren zango. A fita da ita tsakar gida da dare, a zaro eriya, a nemi mita 49 ko 41, da rana kuma a nemi mita 19 ko 16, sa'an nan a yanke mata hukunci.

GA MASU CEWA ƁATA LOKACI NE

Na san wani zai ce, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ga waya a aljihu mai kawo labarin duniya da hoto, me za a yi da akwatin da sai an lallaɓa allura? Akwai gaskiya a maganar, har ma akwai abin da ya fi haka. Tashoshin da aka ƙera akwatunan nan dominsu suna raguwa. BBC ta daina watsa shiri ta gajeren zango zuwa Amurka ta Arewa a 2001, gidajen rediyon gwamnati na Jamus sun rufe matsakaicin zango a ƙarshen 2015, Ostareliya ta rufe gajeren zangonta a 2017, a watan Maris na 2025 kuma shirye-shiryen Muryar Amurka suka tsaya bisa umarnin gwamnatin ƙasar. Duk tashar da ta rufe, wani gurbi ne ya yi shiru a fuskar tsohuwar rediyo.

To amma wannan dalili ne na gaggauta adanawa, domin abin da ake ganinsa ko'ina ba a ajiye shi, sai ya fara wuya ake nemansa, a lokacin kuwa sikeli ya riga ya cinye. Sa'an nan rediyo ba ta gama aiki ba. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wayar aljihu ta koma tocila da agogo, amma rediyo mai batir ba ta san an yi ba, domin ba ta bukatar kati, ba ta bukatar sabis, ba ta jiran a kawo wuta. Akwatin da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce, wanda ake kwance shi da sukundireba a gyara shi da dalma, yana da darasi ga zamanin da ake sayen kaya yau a yar gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi akwatunan saurin ƙarewa ma shi ne masu gyaransu. A kowace babbar kasuwa a da akwai layin masu gyaran rediyo, dattawa masu gane cuta da kunne kafin su ɗora mita. Yaransu sun koma gyaran waya, ba kuwa za a ga laifinsu ba, tun da can ne abinci yake. Amma in dattawan nan suka kau ba wanda ya zauna kusa da su, ilmin ya bi su.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shawarar wannan fili guda uku ce. Ta farko ga magidanta: in akwai tsohuwar rediyo a gida, a ciro ta, a cire batir, a goge ta, sa'an nan a sami takarda a rubuta sunan mai ita, da garin da ya saye ta, da shekarar, da abin da tsofaffin gida ke tunawa an ji a cikinta, a ninke a sa a ɗakin batir. In an zo rabon gado kuma kada a haɗa ta da tarkace, a ba wanda ya san darajarta cikin magada. Rediyo mai tarihi a rubuce ta fi goma marasa shi.

Ta biyu ga samari masu sha'awar kayan lantarki, musamman ɗaliban makarantun koyon sana'a: ku fara da guda ɗaya mai arha, ku kai wa tsohon mai gyara, ku biya shi hakkinsa, ku zauna ku ga yadda yake yi. Babu littafin da zai nuna muku aikin transista kamar akwatin da kowane abu na cikinsa ana ganinsa da ido, ana taɓa shi da hannu.

Ta uku ga gidajen rediyonmu na tarayya da na jihohi, da gidajen ajiye kayan tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna: ɗaki guda ya isa a jera akwatunan da masu sauraro suka yi amfani da su, tun daga na waya har zuwa mai kaset, a riƙa sa tsofaffin shirye-shirye ana ji daga cikinsu. In aka yi shela, mutane da yawa za su kawo nasu kyauta, don dai a rubuta sunan mahaifinsu a jiki. Yaran makaranta da za su shiga ɗakin nan za su fita da sanin yadda kakanninsu suka ji duniya.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.